Turken Gabas

Mu goma sha tara muka sauka a gindin Shere.
Motar coci ta juya, ta bar mu da buhun acca,
tukwane biyu, gatari ɗaya,
da tantin da ya girme ni.
Agusta ce. Sama ta haɗe rai tun azahar.

Malam Davou ya ce kafin kowa ya ambaci yunwa
sai ya koyi ƙulli.
"Wannan," in ji shi, "ko saniya mai gardama
ba ta tsinke shi."
Sau uku ya nuna.
Ni kuwa idona na kan Kaneng
tana feren dankali da wuƙar babanta.
"Nandom, ka iya?"
Na ce na iya.

Turken gabas ne nawa.
Na naɗa, na ƙara naɗawa,
na cusa bakin igiyar inda ido ba ya kaiwa.

Da la'asar muka koyi nemo arewa da inuwar sanda,
muka koyi cewa ruwan ƙyarana ba ya shiri da ido,
cewa dutse mai gansakuka ba abin amincewa ba ne,
kuma rafi, a tsallake shi ana riƙe da juna.
Muka sha gwate har da suɗi.
Muka yi addu'ar dare, rabinmu na gyangyaɗi.

Can cikin dare iska ta zo da ƙanƙara.
Ta gwada turken yamma, ya ƙi.
Ta gwada na kudu, ya ƙi.
Ta zo gabas, ko sallama ba ta yi ba.

Tanti ya rufto mana kamar jiƙaƙƙiyar fata.
Wani na kiran Yesu, wani na kiran uwarsa,
wani na neman takalmi ƙafa ɗaya.
Muka rarrafa zuwa ƙarƙashin wani dutse
mai warin rema da tsohon hayaƙi.
Haƙora na kaɗawa kamar tsakuwa a gwangwani.

Izang, wanda muke yi wa dariya don i'ina,
bai ce komai ba.
Ya zaro ashana daga kwalbar magani,
ya lalubo busasshen kashin shanu a lungun kogon,
ya tsaga itace, ya ɗebi cikinsa inda ruwa bai shiga ba,
ya durƙusa, ya hura, ya hura.
Wuta ta buɗe ido.

Kaneng ce ta fara waƙa da Berom, murya na rawa.
Nenrot ta karɓa da Ngas.
Muka haɗu a Hausa, inda kowa ke da wurin zama.
Ba ganga, ba kacau-kacau,
sai murfin tukunya da ruwa mai zuba a bakin dutse.

Malam ya ce kowa ya faɗi abu ɗaya ga Ubangiji.
An gode don wuta. An roƙa wa mai jarrabawa.
Ba wanda ya tambayi turken wa ya saki.
Wannan shirun ya fi ƙanƙarar zafi.

Da layi ya zo kaina na ce,
"Ya Uba, ban iya ba. Na ce na iya."

Ba a ce amin da sauri ba.
Sai na ji abu mai sanyi a tafin hannuna:
igiya.
"Sake," in ji Malam.
Izang ya riƙe mini tocila.
Na farko ya zame. Na biyu ma.
A na bakwai na ja da ƙarfina duka,
ƙullin ya ja ni.

Asuba ta same mu a kan dutse, barguna na ɗiga.
Jos na can ƙasa, fitilunta na mutuwa ɗaya-ɗaya,
kududdufan kuza na ƙyalli kamar kwanon da aka wanke.
Lahadi ce. Muka yi sujada ba benci, ba bagade,
hayaƙi a gashinmu, taɓo har gwiwa.

Da za mu tafi, turken gabas ya ƙi kwancewa.
Sai da Kaneng ta ara mini wuƙa.