Feito

A ajin Helenanci na Wusasa,
ranar da fanka ta ƙi juyawa,
Malam Istifanus Ɗangana ya ɗauki alli
ya rubuta peito, ya ja layi a ƙasa.
Bakinmu na Hausa ya ƙi harafin farko,
muka ce feito. Ya murmusa, ya ƙyale mu.

Ya ce, aikatau ɗaya ne a nassi, amma rigunansa uku.
Da ta fari kai ke shawo kan mutum.
Da ta biyu kai aka shawo wa kai, ka ji magana, ka bi.
In abin ya nuna, ya zauna daram,
sai a ce pepoita: na dogara.
Na haddace don jarrabawa.
Na ci sha huɗu cikin ashirin.

A gida kuwa, gindin Kufena,
yana ta rufe idon Baba Nomau.
Dawa da maiwa sai ya shafa yake bambantawa.
Likitan Shika ya ce aikin rabin awa ne.
Baba ya ce, idon da na fito da shi daga cikin uwata
ba zan kai wa wuƙa da ƙafata ba.

Na kawo hujja kamar mai tallar magani a tasha.
Na kawo Ɓarau mai faci, wanda aka yi wa bara,
ya zura zare a allura a gabansa.
Baba ya ce, ai ban gani ba.
Na ja aya. Na ɗaga murya. Na yi fushi, na ƙi tuwo.
Wata uku, ko gezau.

Sai na gaji, na yi shiru.
Kullum da sassafe na kan ja shi gona:
ga rami, Baba. Ga kunya. Ɗaga ƙafa, ƙaya ce.
Da yamma mu ɓare gyaɗa, ba mai cewa uffan.
Damina guda, ban bar shi ya faɗi ba,
in ban da sau ɗaya, a bakin rijiya,
shi ma tare muka faɗi.

Wani dare, ana yayyafi a kan kwano, ya ce,
mene ne wannan da kake ta maimaitawa a ɗaki?
Na ce, feito.
Ya ce, fito? Na san fito.
Muna yara, a Galma, in ruwa ya kawo,
ba ka tambayar ɗan fito hujja a tsakiyar kogi.
Tun kana gaɓa ka ga waɗanda ya ƙetarar.
Ya tauna gyaɗa, ya daɗe.
Likitan nan ban san shi ba.
Kai na sani.

Ran Talata, a ƙofar ɗakin tiyata,
ya jingine sandarsa da bango,
ya ɗora hannu a kafaɗata da nauyinsa duka.
A nan na ji abin da alli bai faɗa ba:
tsakanin yarda da yar da
numfashi ɗaya ne tak.
Sai da ya yar da sandar.

Da aka cire auduga, ya daɗe yana kallona.
Na jira godiya, ko hawaye.
Ya ce, wa ya yi maka wannan mugun aski?

Ran Lahadi aka ta da maganar bangaskiya a majami'a.
Ni dai ina lissafin ramukan da na tsallake
tun kafin in iya ja wa kowa aya,
da Wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba,
sai dai: ga rami. Ɗaga ƙafa.

Saura idon hagu.
Baba ya ce sai bayan kaka.
Ban yi musu ba. Gobe da sassafe za mu gona.