Tabon Idon Sawu

Bara, ran da na shiga fadamar Miga dashen shinkafa,
karan kacalla ya tsage ni a idon sawu.
Na ce ba komai, na shafa taɓo na wuce.
Kwana uku wurin ya ɗau zafi kamar bakin murhu,
ya kumbura, ya tara ruwa,
kaluluwa ta fito mini kamar ƙwan zabo.

Hansai, 'yar ƙanena da ke aiki a asibitin Jahun,
ta wanke, ta ɗaure, ta ƙirga mini ƙwayoyi a tafi.
Ta danna kaluluwar ta ce,
"Baba Cindo, nan ne zauren
da ake nuna wa masu gadi fuskar ɓarawo."

Ashe ina da mutane ban sani ba,
ƙanana, ido ba ya kama su.
Da ciwo ya yi kururuwa suka yi gayya,
suka biyo jini kamar masunta sun ji kifi ya taso.
Da aka gama faɗa, yawancinsu suka watse,
irin watsewar 'yan ƙwadago bayan girbi.

Kaɗan suka rage, in ji ta.
Wasu sun kafa bukka a bakin tabon
kamar mai gadin kankana,
damina da rani ba sa motsawa.
Wasu kuwa ƙafarsu ba ta zama.
Su fita jini su leƙa fata,
su gangara ƙoramar da ke kai su kaluluwa,
su sha ruwa, su sake komawa jini,
kamar ɗan koli, yau Gujungu, jibi Maigatari,
sai dai ba su da haja.
Fuskoki kawai suke dubawa.
Sawu ɗaya suke nema.

Ni da nake manta inda na rataye lauje,
nake kiran jikana da sunan ubansa,
ashe akwai mai riƙe mini lissafi a ciki.

Bana ruwan nan ya sake yankata, a gwiwar hannu.
Hansai ta ce in zo dai a wanke,
gadi ba ya hana a rufe ƙofa.
Na je. Ya yi ja kwana biyu, ya lafa.

Da daddare na ɗora ƙafa a kan turmi,
na haska tabon da tocila.
Baƙi ne, ya kai faɗin sule.
Matata ta ce da wa kake magana?
Na ce ba kowa.
Na rage murya na ce, sannunku da aiki.