Takarda Mai Hatimi Biyu

Ranar Litinin suka zo mini da takarda,
hatimi biyu a gindinta,
ɗaya na masu lakwal, ɗaya na masu sana'a.
Na juya ta sama, na juya ta ƙasa.
Ni Nomau, mai gyaran injin ban-ruwa,
shekara talatin da ɗaya a rumfar nan ta Sabon Gari,
hukuma ba ta taɓa sanin ƙofata ba
sai in lokacin patanti ya yi.

Mushen da ya rako su ya ce:
ofishi biyu da ko gaisawa ba su yi
sun sha shayi a tebur guda,
sun ce yaro ya yi wata uku da alli,
wata uku da sufana.
Na ce to. Bakin da ya ci tuwon jiya
ba ya rantsuwa a kan na gobe.

Barmo ya zo da farar riga,
yana tsallake baƙin mai kamar mai tsallake kabari.
Tsahara ta zo da littafi,
tana rubuta har tarin da na yi.
Na ce, ɗiyata, aje biro,
kawo hancinki nan.
Wayar da ta ƙone tana da warinta,
kamar gujiyar da aka manta a kasko.
Ta sunsuna, ta yamutsa fuska,
ta sake ɗaukar biro.

Ina da ɗa, Ila.
Na sayar da jajayen awaki bakwai a kan karatunsa.
Difilom ɗinsa na cikin leda, ƙarƙashin katifa,
ba ya tsufa, ba ya haihuwa.
Shi kuwa yana bisa kabu-kabu
daga Bagalam zuwa babbar kasuwa,
in ya gifta ta gaban rumfata
sai ya ƙara wuta.

Sati na biyar aka kawo akwati daga Jiratawa,
na famfo mai shan rana.
Mai lambun ya ce zogalensa ya fara sunkuyawa.
Na kanga kunne: shiru.
Ba ƙara, ba wari, ba zafi.
Ni da inji ke yi wa magana tun ina saurayi
yau ga wanda ya ƙi ni da gaisuwa.
Tsahara ta buɗe ɗan littafinsa na Faransanci,
yatsanta na bin zane kamar tururuwa a bango,
ta ce, Baba, taɓa nan.
Na taɓa.
Barmo ya riƙe mana dalma,
rigarsa ta riga ta zama irin tawa.
Kafin la'asar wata koriyar ƙwaya ta kyafta ido.
Ban ce kome ba. Na aika a sayo fura ta mutum uku.

Kuɗin kabu-kabun da aka ce za a ba yaran
har yau suna hanyar Yamai,
wataƙila taya ce ta fashe musu a Dogonduci.
Barmo da ƙafa yake zuwa.
Ni ma ban ga nawa ba,
amma ƙarshen wata an kawo wata takardar
wai in shaida abin da suka iya.
Mushe ya miƙo tawada,
na ce bar ta, babban yatsana
ya daɗe da tasa.

Jiya da almuru ina rufe rumfa
na ji babur ya mutu a bayana.
Ila ne. Bai sauka ba.
Ya daɗe yana kallon wayar tagulla a ƙusa,
sannan ya ce da murya ƙasa-ƙasa:
Baba, takardar nan tasu,
an rubuta iyakar shekaru a ciki?

Na ce ban iya karatu ba.
Ka zo da safe, ka duba da kanka,
kuma kada ka sa farar riga.