Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Ƙarfe biyun dare a Agege.
Janareton maƙwabci ya yi tari, ya mutu.
Saura ni da wannan kwamfuta,
gwanjon Ikeja, harafi uku sun goge a madanninta.

Na zuba mata manhajar da ba a saye,
wadda ba kwaɗo a ƙofarta.
Aikin gayya ce:
wani ya yi huɗa a ƙasar da ban san sunanta ba,
wata ta yi shuka bayan ta tashi daga aiki,
ni kuma na zo da buhuna.

Muryar Baba Sallau nake so in adana.
Ubansa ya sauka nan a jirgin ƙasa da huhun goro,
shi ya rage da ya san waɗanda suka fara kafa rumfa.
Na ɗora masa abin ji a kunne,
ya ce bismillahi,
sai bismillahinsa ta dawo masa a makare,
kamar ta tsaya a cunkoson Oshodi.
Ya cire, ya waiga:
"Wane mara kunya ne ke kwaikwayona?"

Ƙiftawar ido ce fa, ko ba ta kai ba,
amma ta isa ta kori tsoho gida.

Na leƙa ciki. Tsari uku na sauti,
kowanne bisa kafaɗar wani,
suna jan murya ɗaya
yadda kwandastocin danfo ke jan fasinja.
Ga sabo ya zo, wai shi ne mai sulhu,
kuma ba laifi, ya raba faɗan da yawa.
Akwatin makirufo ne ya ƙi.
Kamfanin da ya ƙera shi ya haɗiye sirrinsa,
sai lalube ake yi a duhu.
Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Titilayo mai gyaran waya ta yi mini dariya:
"Kawo dubu biyu in sa maka kwafin sata,
ka huta, ka yi barci kamar mutane."
Ba tsoron Allah kaɗai ya hana ni ba.
Ina son motar da zan iya buɗe bakinta.

Dare goma sha ɗaya ina tono.
Sauro ya ci rabonsa, data ta ci nata.
Can ƙasa, layi na dubu da wani abu,
na tarar da lamba ɗaya da ta yi ƙiba,
a gefenta wani ya bar saƙo
tun shekara tara:
"Zan gyara wannan in na samu lokaci."

Bawan Allah, ban san ka ba.
Ko aure ka yi, ko haya ta kore ka, ko ka riga mu.
Ba wanda ya biya ka.
Na rage lambar. Na aika.

Ran Asabar Baba Sallau ya dawo, don kunya.
Ana ruwa, kwanon rufi na ta surutu.
Ya ce bismillahi.
Ya jira.
Ya ce, "To, yaron ya tafi."
Ya yi awa biyu bai sha ruwa ba.

Har yanzu akwai wani ɗan zuuu a kunnen hagu,
ban gano mafarinsa ba.
Na bar saƙo a gefen layin,
da kalmomin wancan mutumin.