Haruffa Bakwai

Daga ofishin magajin gari aka aiko mini da allon ƙarfe
da gwangwani biyu, shuɗi da fari.
Lakwal ɗinmu ta Garkawa za ta ɗauki sunan darakta
kafin sadakar arba'in.
Alkasum. Haruffa bakwai, aikin hantsi ɗaya.
Yau kwana uku ina tsaye kan na farko.

A.
Shi ya kama hannuna muka ja ta a ƙasa:
ƙafa biyu da ɗamara, in ji shi,
kamar ɗan kokowa ya shigo fili.
Shekarar da babana ya tafi Abijan bai aiko ko dala ba,
shi ya sayo mini takalmin roba a kasuwar Lahadi,
ya ce wai tsintuwa ya yi.
Itatuwan bedi goma sha ɗaya na tsakar lakwal
da butarsa ta alwala ya raine su.
Duk wannan gaskiya ne, in an ce in rantse sai in rantse.

L. K.
Goga na tafiya lafiya lau,
sai ga ajin ƙarshe, na bayan famfo,
inda Mushe Ɗan Jimo ke tsayar da yarinya guda bayan an tashi,
wai shara.
Babu ɗakin da ya sha tsintsiya kamarsa a duk Adar.

Zuwera ta je ofis ran wata Talata,
kallabinta a hannu, muryarta ƙasa-ƙasa.
Ya saurara har ƙarshe, ba ya katse mutum.
Ya ce, rufa wa kanki asiri, ɗiyata.
Ya ba ta dala biyar ta sayi ƙosai.
Ya tashi ya rufe tagar da ke duban famfo,
bai sake buɗe ta ba, ko da bazara.

Bai taɓa kowa ba. Hannunsa fes, sai ƙurar alli.
Bayan shekara biyu ya rubuta takarda
aka mayar da Ɗan Jimo ƙauye:
malami mai ƙwazo, ga hatimi, ga sa hannu.
Can ma akwai tsintsiya.

A zaman makoki na ɗan taɓo zancen,
tsofaffi suka yi mini caa:
ba a tonon wanda ƙasa ta rufe,
mutum tara yake, bai cika goma ba.
Na yarda, tara yake.
Ɗayan da ya rage fa, a jikin wa aka cire shi?

A. S. U.
Da la'asar ta biyo ta gaban rumfata,
buhun albasa a amalanke, jikanta na kora jaki.
Ta tsaya ta karanta, baki na motsi,
ita da karatunta ya tsaya a aji biyar.
Ta ce, hannunka na da kyau, Asumana.
Na ce, in kin ce in bari, wallahi sai in mayar musu da kuɗinsu.
Ta dube ni har fenti ya ɗiga a kan babban yatsana.
Ta ce, ba kai ke buga ƙarfen tashi ba?
Ba kai ke jiran makullin ajin a gindin bedi,
kana wasa da ƴaƴan dara?

Shekarata goma sha biyu a lokacin.
Na buɗe baki in faɗi haka.
Ita ma sha biyu gare ta.

M
ta fito a karkace, na bar ta.
Gobe za a kafa allon, za a yi fatiha, a raba goro,
yara su zauna a inuwar da ya dasa,
inuwa ce ta gaske, tana da sanyi.
Can ƙasa, a kusurwar dama,
na sa sunana da ƙananan haruffa kamar kullum.
Wannan karon ban sa lambar waya ba.