Kwana Sha Huɗu Na Aiki

Ƙarfe huɗu na asuba muka bar Coventry,
Ɗanjuma na tuƙi, ni ina ƙirga fasfo a cinyata,
Larai ta yi barci da sabon takalminta a ƙafa.
A filin jirgin Birmingham allo ya yi jawur
daga sama har ƙasa.
An soke. An soke. An soke.
Har namu, na biyun ƙarshe.

Wata yarinya mai ɗaurin wuya ta miƙo ruwan gora
da takardar sayen burodi ta fam biyar.
Ni kuwa fam dubu biyu da ɗari uku na ba su,
ladan dare saba'in ina juya tsofaffi a gado,
ina goge bakin da ba na uwata ba.

Na buga waya. Suka sa mini kiɗan fiyano,
minti hamsin da biyu, har na haddace shi,
yanzu ko wanke-wanke nake, shi ke fita a hancina.
Wata murya ta ce kirana yana da muhimmanci.
Ni ce ta talatin da ɗaya a layi.

Kamfanin jirgi ya ce, je ki wurin dillali.
Dillali ya ce, ai kuɗin na hannun masu jirgi.
Inshora ta ce, duba shafi na tara, ƙananan baƙaƙe.
Kowa da kwana sha huɗunsa na aiki,
sha huɗun da ba Asabar, ba Lahadi, ba ranar cika.
Ana ta gafara sa, ban ga ƙaho ba.

Daga baya suka ce ga takardar alkawari,
ki yi tafiyarki baɗi.
Na ce da fam na biya ku.
Mai gidan haya ba ya karɓar baɗi.

Tsohon ɗaki na shida, Mista Pickering,
wanda sunan ɗansa ke ɓace masa,
shi ya kama hannuna ina gyara masa matashi:
Rubuta musu. Sa kwanan wata.
Faɗi abin da suka ci, faɗi ranar da za ki kai ƙara.
Ban da roƙo. Kuɗinki ne.
Na rubuta a kan teburin maganinsa,
na goge "ku yi haƙuri" sau uku.

Akwatin na nan bayan ƙofa, ban kwance ba.
Na'urar awon jinin Baba na ciki,
da rigar sanyin da Inna ba ta roƙa ba.
Ita ta riga ta daka yaji,
ta sa an yi wa ɗakinmu fenti shuɗi.
Ta ce, ba komai, jirgi ai ba ya ƙarewa.
Ban ce mata komai ba.
Ba jirgin nake ji ba.

Ranar Talata, mako na sha ɗaya,
waya ta yi tsuwa a aljihun rigar aiki.
Sun dawo. Cif, ko sisi bai yi ciwon kai ba.
Na tsaya a baranda na duba sabon tikiti:
dubu uku da ɗoriya.

Hutun shekara kuwa na cinye shi a falo,
kunne a waya.
Wannan wace lamba ake bugawa?

Da safe Larai ta kawo takalmin,
wanda ta ajiye don Kaka ta fara gani.
Ta tura, ta tura.
Dunduniya ta ƙi shiga.