Allon Tiyata

Sunaye goma sha ɗaya na rubuta daren Lahadi.
Da asuba Dakta Boakye ya ce, "Tasalla, bar uku."

Na ɗauki tsumma.
Baba Ɗantani na Aboabo, gwaiwa,
wata shida yana ƙirga Litinin,
shafa ɗaya ta ishe shi.
Maame Serwaa mai kifi a Kejetia,
da maƙoƙon da take rufewa da ɗankwali,
ita ma ta bi tsumma.

Tukwanen iskar numfashi biyu suka rage,
ɗaya an gungura ta ɗakin masu tari.

Na bar yaron da hanjinsa ya huje,
da mai naƙudar da ɗa ya kwanta mata a gicciye,
da yaron motar da taya ta bi ta kan ƙafarsa.

Na buga wa Baba waya.
Ya ce, "Ɗiyata, ciwon nawa bai ji labarin annoba ba."
Shi ya yi dariya,
takunkumina ne ya jiƙe.

Na wanke hannu har fata ta tsage,
alli bai bar ƙarƙashin farce ba.

Da la'asar aka fito da jaririya tana tsala ihu.
Na koma gaban allo,
can ƙasa, inda idon likita ba ya sauka,
na sake rubuta: Ɗantani.